Wace sha'awa tsadar nan ta raba ku da ita?

Abu_Tantabara:
Salamu alaikum mutanen Jos. Kullum in an tashi maganar tsada sai a ce shinkafa, kuɗin makaranta, kuɗin haya. To ni wani gefe nake so mu taɓa yau, wato abin da mutum yake yi don jin daɗin ransa kawai, ba don ya kawo masa ko sisi ba. Ni kiwon tantabara nake tun ina yaro a Gangare, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 gero da dawa suka fara tashi, sai da ta kai in na auno mudu ina tsayawa in yi tunani tantabara ce za ta ci ko yara, na sayar da fiye da rabinsu. Yanzu kuma kullum ana cewa a rediyo hauhawar farashi ta sauka, ni dai ban ga alamar zan iya maido su ba. Ku fa, me kuka bari? Ko akwai wanda har yanzu yake riƙe da nasa?

Sadiq_Rikkos:
Wa alaikumus salam. Ni kallon ƙwallo a gida na bari. Ga kuɗin kati na wata, ga man janareto don ba ka da tabbas wuta za ta kai ƙarshen wasa. Na koma gidan kallo, can ma mai gidan ya ƙara kuɗin shiga, kuma ba ka ganin laifinsa don kana jin janaretonsa yana kuka a bayan zana tun daga wasan farko har na dare.

Maman_Ilham:
Gashin kek. Da duk ƙarshen mako sai na yi wa yara da maƙwabta, haka kawai nake so. Yanzu fulawa, bota, ƙwai, suga, sannan uwa uba gas. In ka kunna oben awa guda kana jin tukunyar gas ɗin tana sauƙi a ranka. Sai ranar suna ko sallah yanzu.

Dan_FarinGada:
Abu ai kai da sauƙi, tantabara in ta ƙi ci ka yanka ƴan shila ka yi farfesu. Mu masu son yawo da mota fa? Da duk Lahadi sai mun ɗauki hanyar Shere ko mu gangara Assop mu sha iska mu dawo, tanki ɗaya ya ishe mu har da canji. Yanzu motar tana nan a rufe da tampol, kaji ne ke kwana a ƙarƙashinta.

Abu_Tantabara:
@Dan_FarinGada wanda yake kiwon tantabara don sha'awa ba ya iya cin ta wallahi. Tambayi duk mai yi.

Malama_Hadiza:
Bari in ɗan tsaya a kan maganar da Abu ya yi ta cewa an ce hauhawar farashi ta sauka, don mutane da yawa suna jin kamar ƙarya ake musu. Abu biyu ne. Na farko, in aka ce ta sauka ba ana nufin kaya sun yi araha ba, ana nufin saurin da suke tashi ne ya ragu. Kamar motar da ke gudu ce direba ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur, gaba take ci har yanzu, ba baya ta koma ba. Na biyu kuma, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta canza ma'aunin lissafinta a farkon 2025. A Disamba 2024 adadin ya kai kashi 34.8 cikin ɗari, sai na Janairu 2025 ya fito 24.48, ba don kasuwa ta sauko cikin wata ɗaya ba, sai don sun bar shekarar 2009 da suke kwatanta farashi da ita sun koma 2024, sun kuma sake jera kayan da suke dubawa da nauyin da kowanne yake da shi a lissafin. Don haka wanda albashinsa bai motsa ba tun 2023, ko adadin ya sauka zuwa goma shi dai yana nan a inda tsadar ta ajiye shi.

Kawu_Tela:
Malama Allah ya saka. Yau na gane abin da ya sa nake faɗa da rediyona kullum da safe.

Bash_Terminus:
Amma Malama a yi adalci, hatsi ya sauko na gaske a 2025, ba lissafin takarda ba. Duk wanda ke shiga kasuwar Katako ya san buhun masara ba kamar yadda yake a tsakiyar 2024 ba lokacin da mutane suka fita zanga-zangar watan Agusta. Abu ka je ka sake tambayar gero, wataƙila tsohon farashi ne a kanka.

Manomi_Mangu:
@Bash_Terminus ya sauko a kan wuyan wa? Ku a gari kuna murna, mu da muka sayi taki da tsada muka biya kuɗin huɗa da man tarakta da maganin feshi, muka zo sayarwa masara ta faɗi, wa zai cike mana? Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 a 2024, kaya suka shigo, shi kenan manomin gida ya sha ƙasa. Akwai waɗanda na sani sun ce bana ba za su taɓa masara ba, sun koma waken suya don ba ya cin taki. In kowa ya yi haka baɗi kuma ku zo nan kuna kukan tsada.

Bash_Terminus:
Ban musa ba ɗan uwa, ni dai abin da na gani a kasuwa na faɗa.

Abu_Tantabara:
Gero ya ɗan sauko gaskiya, amma kuɗin da zan saya da shi ai wuta da kuɗin keke napep sun riga sun cinye. Ba a wuri ɗaya abin yake ba.

Injiniya_Bukuru:
Tunda an ambaci wuta bari in shigo. Mutane suna raba maganar mai da maganar wuta da maganar dala, alhali tsakanin 2023 da 2024 kusan tare suka zo. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake lissafawa wajen 460 a hukumance ta haura 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500. To duk abin da ake shigo da shi, daga batir zuwa zaren saƙa zuwa tayar keke, can ya bi. Sai kuma Afrilu 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin ƴan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo ɗari biyu da ɗoriya. Ƴan rukunin A su ne aka ce za su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana. Ni ra'ayina, cire tallafin ba shi ne babban kuskuren ba, don kuɗin da ake zubawa a can ba talaka ne ya fi cin moriyarsu ba, har ƙetare iyaka man yake yi. Kuskuren shi ne an yi duka a lokaci guda ba a tanadi motocin haya ko wutar da za ta tsaya ba kafin a cire.

Sadiq_Rikkos:
Injiniya kai kana da sola shi ya sa kake magana da sanyin rai 😂

Injiniya_Bukuru:
Sadiq ƙanena, solar ma da dala ake sayenta. Kuma bari ka ji lissafi, ƙaramin janareto lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit biyu, to raba kuɗin lita gida biyu ka gani, ya ninka kuɗin rukunin A. Wato wutar da muke kuka da tsadarta ta fi janareto araha nesa ba kusa ba, in dai za ta zo. Matsalar ita ce ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar.

Hajiya_Asabe:
Ni duk wannan lissafin naku bai dame ni ba kamar ruwan zafi. Wanda ba ɗan Jos ba ba zai gane ba. Disamba da Janairu yara shida za su tafi makaranta da asuba, kowa sai an dafa masa ruwan wanka, in ka sa hita mita tana ƙara kamar za ta yi magana, in ka sa gas kwana kaɗan ya ƙare, dole muka koma gawayi, shi ma buhun ya tashi don kowa can ya koma. Sha'awa kuma ta ina? Da ina da fulawoyi a tsakar gida ina ta ban ruwa, yanzu na cire su na zuba ƙasa a buhunan siminti na shuka alayyahu da tumatir da attaruhu da yakuwa. Kuma wallahi na fi jin daɗin wannan, da safe in fito in tsinko abin miya da hannuna.

Maman_Ilham:
Hajiya don Allah wace ƙasa kike zubawa? Na gwada tumatir a buhu ya yi tsawo ya ƙi ƴaƴa.

Hajiya_Asabe:
Ƴata ki haɗa baƙar ƙasa da kashin kaji wanda ya bushe ya kwana biyu, kada ki sa ɗanye zai ƙone saiwar. Ki huda buhun ta ƙasa ruwa ya riƙa fita. In ya yi ganye da yawa ba fure to taki ya yi masa yawa ko kuma inuwa kika ajiye shi, tumatir rana yake so. Kashin tantabara ma yana da kyau sosai, ga Abu nan ki roƙe shi.

Abu_Tantabara:
Hajiya ai da kin yi magana tun suna da yawa. Amma akwai, duk mai so ya turo yaro da buhu.

Baba_Sabo:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ku yara ba ku san garin nan ya riga yawancin Najeriya ganin wutar lantarki ba. Tun zamanin Turawan haƙar kuza aka kafa NESCO a 1929, suna samar da wuta da ruwan Kurra don injinan ma'adinai, kuma har yau kamfanin yana nan. Lokacin da muke samari in ka ce gidanku a layinsu yake a Bukuru, kallon mai gata ake maka. Abin da nake so in ce, ƙaramin dam a kan tudu ya riƙe gari shekara da shekaru, mu kuma mun zauna muna jiran madatsar wutar Mambila da ake ta faɗa tun muna da baƙin gashi. Sha'awata ni sauraron rediyo ce da dara a bakin masallaci bayan la'asar, su kam tsada ba ta same su ba sai dai batir.

Injiniya_Bukuru:
Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarku tana kan hanya. Dokar wutar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi dama su samar da wutarsu su kuma tsara kasuwarta da kansu, ba sai komai ya bi ta babban layin ƙasa ba. Ku tuna Oktoba 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya taso daga Ugwuaji ta Makurdi ya nufo mu shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe sama da mako a duhu. Masu injin niƙa, masu walda, masu ƙanƙara, kowa ya zauna. Jiha mai tuddai da ruwa da rana irin Filato bai kamata layi biyu su kashe ta ba.

Kawu_Tela:
Kada ka tuna min wannan makon. Ɗinkin biki ne a hannuna, na koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi kamar zamanin da nake koyo. Cajin waya kuwa layi ake yi a shagon mai janareto kamar ana rabon zakka.

Nura_Kubwa:
Ku a Jos kuna ma da sauƙi. Ni ɗan Unguwar Rogo ne amma aiki ya kawo ni Abuja, daga Kubwa zuwa cikin gari kullum kuɗin mota kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu. Mafi ƙarancin albashi an mai da shi dubu 70 a Yuli 2024, to ku lissafa wa mai wannan albashin kuɗin zuwa aiki. Da ina buga ƙwallo da yamma, yanzu kafin in samu motar da zan iya biya in iso gida an yi isha'i. Wasu abokan aikina sun mai da motocinsu masu amfani da gas na CNG, suna cewa akwai sauƙi sosai, amma layin da suke bi kafin su cika tukunya sai ka tausaya musu.

Dan_FarinGada:
Nura ni ma na yi tunanin wannan juyin, amma a ina zan riƙa cikawa? In babu gidan gas ɗin kusa da kai ka ɗaura tukunya a but ne kawai don ado. Sai dai in bututun gas ɗin nan na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya fara aiki mu ga ko za a tuna da mu.

Ummi_Saƙa:
Kun tafi siyasar mai kun bar tambayar Abu. Ni saƙa nake da kwarashi, hulunan sanyi da safa da rigunan jarirai. Zare ya yi tsada sosai don na waje ne, amma ban bari ba, dabara na canza. Ina zuwa gwanjo in sayi tsofaffin rigunan sanyi masu araha in warware su in wanke zaren in sake saƙawa. Kuma da kyauta nake rabawa, yanzu in na yi biyar sai in sayar da uku su biya kuɗin sauran. Ban sani ba ko har yanzu sunanta sha'awa ko ta zama sana'a, amma hannuna dai bai zauna ba.

Malama_Hadiza:
Ummi kin taɓo abin da nake lura da shi. Duk wanda ya riƙe abinsa a cikinmu sai da ya nemo hanyar da abin zai ciyar da kansa, Hajiya tana cin lambunta, ke kina sayar da hula. Ni karatun littattafan Hausa ne nawa, da nakan saya in tara, yanzu musanye muke da ƙawaye, ko in karanta a waya in data ta yarda.

Sadiq_Rikkos:
To ni kallon ƙwallo ta yaya zai ciyar da kansa, sai dai caca, ita kuma Allah ya tsare.

Bash_Terminus:
Amin. Amma Sadiq ka koma filin wasa mana. Mu da muka ga Plateau United ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2017 a garin nan mun san daɗin da ke cikin kallo ido da ido ya fi na talabijin. Ba kati ba janareto, ka sayi rake ka zauna ka yi ihu ka dawo gida.

Sadiq_Rikkos:
Yaya Bash ihun da zan yi wa Arsenal daban ne.

Kawu_Tela:
Wannan ai ba sha'awa ba ce, jarrabawa ce.

Nura_Kubwa:
Wata tambaya ga Injiniya. An ce in matatar Dangote ta fara aiki mai zai yi araha, ta fara sayar da fetur tun Satumba 2024, ganga dubu 650 a rana aka gina ta ta tace. Me ya sa har yanzu ba mu koma ko kusa da da ba?

Injiniya_Bukuru:
Don ɗanyen man da take tacewa da farashin kasuwar duniya ake lissafa shi ko da a naira aka biya, ba kyauta ake ba ta ba. Abin da matatar gida take rage maka shi ne kuɗin jirgin ruwa da neman dalar shigo da tataccen mai da kuma dogon layi, kuma a 2025 an ga lita ta sauko daga sama da dubu da ta kai a ƙarshen 2024. Amma naira 200 ta da, tallafi ne ya riƙe ta a wurin, ba za ta dawo ba sai an dawo da shi. Sannan mu nan sai an ɗoro man a tanka tun daga Legas, kuɗin hanyar ma a kanmu yake.

Manomi_Mangu:
Shi ya sa dankalin Bokkos yake araha a gona ya yi tsada a Abuja. Ba manomi ke ci ba, hanya ce.

Hajiya_Asabe:
Injiniya tunda kana nan, sola ƙarama wadda za ta riƙe fitilu da fanka da cajin waya kawai, ba firij ba, tana da amfani a garin nan kuwa? Watan Agusta sai mu yi kwanaki ba mu ga rana ba.

Injiniya_Bukuru:
Tana da amfani Hajiya, ko da hadari faranti yana ɗan kawo wuta sai dai ba kamar da rana ba. Inda mutane ke faɗawa shi ne su sayi faranti babba da batir na banza, wata shida ya mutu. Ki fi sa kuɗinki a batir. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan farantin, tana rage ƙarfinsa sosai. Kuma kada a kuskura a jona hita ko dutsen guga.

Hajiya_Asabe:
To ruwan zafin dai yana nan a kan gawayi ke nan.

Dan_FarinGada:
Ni fa maganar Baba Sabo ta dara ta tsaya min. Jiya na fito da tsohon keken babanmu na kai an sa masa taya da sarƙa. In mota ta ƙi, ƙafa ba ta ƙi ba. Akwai masu sha'awar mu haɗu ranar Asabar da safe mu taka zuwa Lamingo mu dawo?

Sadiq_Rikkos:
Da wannan sanyin? Ku dai je, zan yi muku addu'a daga cikin bargo.

Ummi_Saƙa:
Duk wanda zai je ya zo ya sayi hula da safar hannu tukuna 😄

Abu_Tantabara:
Na ga dai yawancinku canza salo kuka yi ba bari ba. Ni matsalata tantabara ba ta cin dabara, hatsi take ci. Wani ya ce in riƙa sakinsu da safe su yi kiwo da kansu, amma a cikin gari yanzu ina filin yake, ga yara da danƙo ga shaho.

Manomi_Mangu:
Abu in za ka iya zuwa Mangu ranar Juma'a da kasuwa ke ci, ka nemi tsakin masara da ɓarzajjen hatsin da ake tankaɗewa a wajen masu auna, rabin kuɗi ne kuma tsuntsu bai san bambanci ba. Ko ka haɗa kai da masu kaji ku sayi buhu ku raba.

Baba_Sabo:
Kuma ka rage maza. Yawancin masu kiwon nan maza suke tarawa don kyan gashi, suna ci ba sa ƙara komai.

Abu_Tantabara:
Baba ai mazan ne abin kallon. Manomi, kuɗin mota zuwa Mangu da dawowa nawa ne yanzu? Kada in je neman rabin kuɗi in kashe ninki a hanya.

Manomi_Mangu:
Bari in tambayi direban da ke ɗauko mana kaya, in yana da wuri a baya sai ya sauke maka a Farin Gada. Buhu nawa kake so?

Maman_Ilham:
In za a kawo a haɗa da ni rabin buhu, ina da kaji huɗu. Hajiya kuma yakuwar fa, ita ma a buhu kike shukawa ko a ƙasa?